Wai da gaske ana biyan kuɗi a hau saman Google?

Mai Takalma, Madunka
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar intanet. Wani yaro ya same ni a shago, ya ce in ba shi naira dubu 150 zai ɗora ni a saman Google, duk wanda ya nemi takalman fata na Sakkwato ni zai fara gani. Ya ce sati biyu aikin zai ɗauka, kuma in na hau na hau ke nan har abada. Ni dai kasuwa ta yi sanyi, baƙin da ke shigowa Madunka sayen jaka da tumtum da takalmi sun ragu ƙwarai. In akwai hanyar da mutanen Abuja da Legas za su gan ni ba zan ƙi ba. To da gaske ana biya a hau sama? In ana biya, wa ake ba kuɗin, Google ko yaron?

Ɗan Waya, titin Emir Yahaya
Wa alaikumus salam Alhaji. Ana biya mana. Kamfanin da ya tara irin wannan dukiya ai ba sadaka ya fito yi ba. Ɗauki wayarka yanzu ka nemi otal a Abuja, waɗanda za su fara fito maka duk biya suka yi. Mai kuɗi a gaba, talaka a baya, a intanet ma haka abin yake.

Malamin Kwamfuta, Gawon Nama
Alhaji don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Ɗan Waya ya kawo rabin maganar, bari in kawo sauran.

Shafin da Google ke nuna maka in ka yi bincike abu biyu ne a haɗe, ko da yake ido ba ya saurin rabe su. Akwai talla, akwai kuma jerin da injin ya tsara da kansa. Tallan shi ne ke zuwa can sama, wani lokaci har guda huɗu, wani lokaci kuma a ƙasan shafi, da ɗan rubutu a kansa mai cewa Sponsored. Wannan kam sayensa ake yi. Kai ma kana iya buɗe asusu a Google Ads yau ka saya da hannunka, ba sai da ɗan tsakiya ba. Jerin da ke biye da tallan kuwa, Google ya ce ba ya karɓar ko kwabo a kansa. Babu ofishi, babu lambar banki, babu ma'aikacin da za ka tura wa kuɗi ya matso da kai daga na 20 zuwa na 1.

Shi tallan ma ba a saye sau ɗaya a huta. Gwanjo ake yi duk sa'ar da wani ya rubuta kalmar da ka zaɓa. Kai ka faɗi iyakar abin da za ka iya biya in mutum ya latsa tallanka, abokan sana'arka su faɗi nasu, na'ura ta yanke kafin shafin ya gama buɗewa. Ba a cire maka kuɗi don an ga tallan, sai an latsa shi. Kuma ba kullum wanda ya fi tayawa ne ke hawa ba, don suna haɗawa da kyawun tallan: ko ya dace da abin da mutumin ke nema, ko mutane na latsa shi, ko shafin da yake kai mutum na ɗauke da abin da aka yi masa alkawari. Har maki suke nuna wa mai talla, daga 1 zuwa 10. Ranar da kuɗin da ka zuba ya ƙare, ranar sunanka zai sauka. Saboda haka maganar har abada ba ta da wurin zama.

Hajiya Mai Turare, Mabera
Na gane Malam. Hayar rumfa ce a bakin ƙofar Babbar Kasuwa, muddin kana biya duk mai shigowa da kai zai fara cin karo, ka daina biya a ba wani. Ni ma ina biyan talla a Instagram in Sallah ta gabato ko lokacin bukukuwa, kuma gaskiya humra da turaren wuta na fita. Da na tsayar sai kiran waya ya koma yadda yake. Alhaji ka kuma sani akwai harajin VAT kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin tallan, ka sa shi a lissafi.

Baba Dillali, Kara
Malam, Allah shi yi maka albarka, amma ni maganag ga ba ta zauna mani ba. Na daɗe ga kasuwa. Wanda ka cin abincinai ga talla, ka ce mani shina da wani waje da ba shi kallon hannun mai ba shi kuɗi? Wa yag gani? Su na ka hwaɗin ba su karɓa, su na ka riƙe da na'ura, su na alƙalai. In sunka ɗaga mai biyansu can ciki inda ba mu gani, ni da kai ƙaƙa muka sani?

Malamin Kwamfuta, Gawon Nama
Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Su waɗanda suka kafa Google ɗin, Larry Page da Sergey Brin, a 1998 suna ɗalibai a jami'ar Stanford sun rubuta cewa injin binciken da ke rayuwa da kuɗin talla dole ya karkata wajen masu talla ya bar buƙatar mai bincike. A wannan shekarar akwai wani injin mai suna GoTo wanda shi a fili yake jera mutane gwargwadon abin da suka taya. Daga baya ya koma Overture, Yahoo ta saye shi a 2003. Google da kansa ya fara sayar da talla a 2000. Zuwa 2023 tallan da ke cikin bincike da makamantansa ya kawo musu kusan dala biliyan 175 a shekara ɗaya, fiye da rabin duk abin da uwar kamfanin, Alphabet, ta samu. Duk wanda ya ce maka ba su da son rai a lamarin bai gaya maka gaskiya ba.

An kuma kama su da laifi. A 2017 Tarayyar Turai ta ci su tarar Yuro biliyan 2.42 saboda sun fifita nasu sashen kwatanta farashin kaya, sun tura na abokan hamayya can baya. Sun ɗaukaka ƙara, babbar kotun Turai ta tabbatar da tarar a 2024. A watan Agustan 2024 kuma wani alƙali a Amurka, Amit Mehta, ya yanke cewa sun kame kasuwar bincike ta haramtacciyar hanya. A shari'ar aka ji cewa a 2021 kaɗai sun biya sama da dala biliyan 26 ga irin su Apple da sauransu don in ka buɗe waya Google ka fara tararwa.

Amma Baba ka lura da abin da aka kama su da shi. Fifita kayansu da toshe wa abokan hamayya hanya. Duk da tonon takardunsu na cikin gida da aka yi a kotu, hukuncin bai ce suna sayar wa ɗan kasuwa matsayi a jerin asali, wato wanda ba talla ba. Akwai ma shaida ta ɗaya ɓangaren. A 2006 sun cire shafin BMW na Jamus daga bincike na ɗan lokaci saboda ya yi wa injin dabara. A 2011 sun jefa katafaren kantin Amurka J.C. Penney can baya, bayan jaridar New York Times ta bankaɗo cewa an cika intanet da mahaɗan bogi (mahaɗi shi ne rubutun da in ka latsa zai kai ka wani shafi) masu nuni zuwa shafinsa. A farkon 2012 har shafin manhajarsu ta Chrome suka hukunta na kwana 60. Da kuɗi na sayen wurin, waɗannan ba za su sauka ba.

Dalilinsu ma na kasuwa ne. In jerin ya zama na mai kuɗi zalla, mutane za su daina samun abin da suke nema, su daina zuwa, tallan kuma ya rasa mai kallo.

Baba Dillali, Kara
To ka ga yanzu ka yi magana. Da ka ce mani tsoron Allah ya hana su, ban yarda. Tunda tsoron asara na, wanga na gane shi.

Ɗan Waya, titin Emir Yahaya
Malam ni fa har yanzu ina kan bakana, kuma ga hujjata. Kai a kwamfuta kake dubawa mai faɗin fuska. Mu a nan kullum waya muke riƙe da ita, kuma kwastomominmu ma haka. A fuskar waya in talla uku ko huɗu suka jeru, sun cinye duk abin da ido ke gani. Sai ka ja ƙasa, ka sake ja, kafin ka iso wannan jerin naka da ba a saye. Mutum nawa ke ja? Ina ganin mutane a shagona, abin da ya fara fitowa shi suke dannawa. To in saman shafi na mai biya ne, me ya rage? Ka kira shi talla ko ka kira shi wani abu, shi dai mai kuɗi ya riga kowa.

Kuma ni na tuna lokacin da tallan ke da launi a bayansa, kana kallo ka san daban yake. Yanzu launin ya tafi, sai ɗan rubutu da Turanci. Mahaifiyata da ke Gidan Igwai in ta nemi abu, ina za ta san wannan biya aka yi wancan ba a biya ba?

Malamin Kwamfuta, Gawon Nama
A nan ba ni da ja. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ma ta rubuta wa injunan bincike a 2002 cewa su rarrabe talla a fili, ta sake rubuta musu a 2013 don ta ga bambancin na dusashewa. Inda muka rabu da kai guda ɗaya ne. Yaron bai ce wa Alhaji zai saya masa talla ba, ya ce zai ɗora shi sama har abada. Wancan akwai shi a kasuwa, wannan babu.

Ɗalibar Danfodiyo
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun aikin jinya, kuma maganar Yaya Ɗan Waya ta taɓa ni, don wannan rashin rabewar ya taɓa cin rai. An yi wani ɗalibi a ƙasar Sin mai suna Wei Zexi da ya yi fama da wani nau'in ciwon daji. Ya yi bincike a Baidu, wanda shi ne babban injin bincikensu, ya ga wani asibiti a Beijing a sama, bai san biya aka yi ba. Iyayensa suka tattara abin da suke da shi har da bashi suka kai shi, maganin bai yi ba. Kafin ya rasu a 2016 yana ɗan shekara 21 ya rubuta labarinsa a intanet, ƙasar ta ɗauka. Hukuma ta tilasta wa Baidu ya rage tallan kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na shafi, ya kuma fito da alamarsa sosai.

Takalmi in bai yi maka ba ka yi asarar kuɗi ne kawai. Amma mutanenmu na neman maganin ciwon suga da hawan jini da haihuwa a waya, suna neman lambar banki in kuɗinsu ya maƙale. 'Yan damfara ma suna sayen talla, su yi shafi mai kama da na banki. Don Allah mu riƙa nuna wa iyayenmu alamar nan, mu gaya musu na sama ba shi ne na gaskiya dole ba. Lambar banki kuma a duba ta a bayan kati.

Hajiya Mai Turare, Mabera
Allah ya jiƙan musulmi, ya kare mu. Allah ya yi miki albarka ɗiyata, wannan zan karanta wa matan gidanmu yau.

Mai Gina Shafuka, Arkilla
Salam. Na ga ana neman a haɗa mu duka a kira mu mayaudara, to bari in yi magana tunda sana'ata ce. Gyara shafi don injin bincike ya gane shi aiki ne na gaske, shi ake kira SEO, kuma ana biyan mai yi kamar yadda ake biyan tela. Kuɗin ba Google ake ba ba, ladan aiki ne. Za a sa shafin ya buɗe da sauri ko da netwok ba ƙarfi, ya zauna daidai a fuskar waya, a rubuta bayanin kaya da kalmomin da masu saye ke rubutawa da gaske, a sa hotunan kayanka na ainihi da farashi da yadda ake aikawa. Sannan a nemi wasu shafuka masu mutunci su ambace ka, domin tun farko dabarar Google ita ce ƙirga waɗanda ke nuni zuwa gare ka da kuma nauyinsu.

Don haka Malam, in ka ce kuɗi ba ya aiki a jerin asali, ni ba zan bi ka har can ba. Kamfanin da ke da marubuta goma da mai ɗaukar hoto da wanda ke kai labarinsa gidan jarida zai riga Alhaji, ko da bai ba Google sisi ba. Kuɗin na shiga, ta bayan gida yake bi.

Amma Alhaji, shi wannan yaron, alkawuransa biyu ne suka tona shi. Google da kansa ya rubuta a shafinsa na jagora cewa babu mai iya lamunce maka matsayi na ɗaya, ya ce a yi hattara da mai faɗin haka. Sun kuma ce aikin kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Mai cewa sati biyu, ɗayan uku zai yi maka. Ko ya ɗebi kaɗan daga kuɗinka ya sayi talla na 'yan kwanaki, ya nuna maka kanka a sama, ya tafi da sauran. Ko ya sa ka a taswirar Google, wanda kyauta ne. Ko kuma ya tsaya a cikin shagonka ya rubuta cikakken sunan shagon ya nuna maka ka fito na ɗaya. Ai dole ka fito, tunda ba mai wannan sunan sai kai, kuma wayar na tsaye a ƙofarka. Mai saye a Legas bai san sunanka ba balle ya rubuta.

Akwai ta huɗu wadda ta fi muni, ya sayo maka ɗaruruwan mahaɗan bogi daga shafukan banza. Tun 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin don kama wannan. In ka yi sa'a su yi watsi da mahaɗan kuɗinka ya tafi a iska, in ba ka yi ba shafinka ya nutse.

Malamin Kwamfuta, Gawon Nama
Na karɓi wannan. Mai hali na iya sayen aiki, matsayin ne dai ba ya sayuwa kai tsaye.

Mai Takalma, Madunka
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ni ko shafi ma ba ni da shi, WhatsApp kawai nake da shi da Facebook ɗin da yarona ke sa hotuna. Wannan taswira da kuka ce kyauta ce, yaya ake shiga? Kuma ita ma ba a biya a hau?

Malamin Kwamfuta, Gawon Nama
Alhaji ita ce ma ta fi dacewa da kai, kuma ba ta buƙatar shafi. Sunanta Google Business Profile. Za ka sa sunan shago, irin sana'a, wurin da yake, lambar waya, lokacin buɗewa da rufewa, da hotuna. Sai su nemi tabbacin cewa shagon naka ne, yawanci yanzu da ɗan bidiyo. A can ma akan ga talla da alamarsa, amma jerin kansa Google ya ce abu uku yake dubawa: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai neman, da kuma yadda aka san ka, wanda yawan sharhin kwastomomi da taurarin da suka ba ka na ciki. Sun faɗa ƙarara cewa ba a roƙo ba a biya. In wani ya kira ka ya ce daga Google yake, ka biya ko a rufe maka, kashe wayarka.

Baƙon da ya sauka a Sakkwato ya ziyarci Hubbare ko fadar Sarkin Musulmi, ya ɗauko waya yana neman inda zai sayi tsarabar fata, wannan shi ne naka, kuma kusanci na tare da kai.

Ɗan Waya, titin Emir Yahaya
To ai shi ke nan Alhaji, abu ya zo da sauƙi. Mu nawa ne a zauren nan? Kowa ya shiga ya ba ka tauraro biyar ya rubuta cewa takalminka ya fi na kowa. Kafin Juma'a ka wuce kowa a Madunka. Taimakon ɗan'uwa ne.

Malam na Zaure, Kanwuri
A'a ɗana, a nan zan tsayar da kai. Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba don ba fannina ba ne, amma wannan ya shigo inda na ɗan sani.

Sayen talla da gwanjon da Malamin Kwamfuta ya bayyana ban ga laifinsu ba, muddin kayan halal ne kuma abin da aka faɗa a tallan gaskiya ne. Cinikin wa-zai-ƙara sananne ne a wurin malamanmu. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, don kawai wani ya ruɗu ya biyo shi. Hanin ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik daga Abdullahi ɗan Umar. Wanda bai taɓa sa takalmin Alhaji a ƙafarsa ba ya je ya rubuta cewa ya saya ya ji daɗi, don baƙo ya gani ya ruɗu, ka gaya mini ina bambancinsa da wancan? Ga shi kuma shaida ce a kan abin da bai gani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yana cikin Sahihu Muslim.

Kuma ka tuna maƙwabcin Alhaji a Madunka, wanda shi ma ɗinkin yake yi yana ciyar da iyali. In kun ɗaga Alhaji da ƙarya, shi kuka danne.

Ɗan Waya, titin Emir Yahaya
Allah gafarta Malam, na ji. Amma masu yi suna yi, kuma su ke gaba.

Mai Gina Shafuka, Arkilla
Suna yi, ana kuma kama su. Shagon da jiya ba shi da sharhi ko ɗaya, yau ya wayi gari da hamsin, duk daga wayoyin da ba su taɓa zuwa wurin ba, na'ura na ganin wannan. Sukan goge su, wani lokaci su hana shagon karɓar sabon sharhi. A Amurka ma tun 2024 doka ta hana saye da sayar da sharhin bogi, da tara a kai.

Hajiya Mai Turare, Mabera
Malam to in wadda ta sayi turarena da gaske na roƙe ta ta rubuta fa? In kuma na ce zan ƙara mata ɗan kwalba in ta rubuta?

Malam na Zaure, Kanwuri
Roƙon wadda ta saya ta faɗi abin da ta gani babu komai Hajiya, ki bar ta ta faɗi mai daɗi da marar daɗi. Kyautar ce nake jin tsoro, don bakin da ya karɓa yakan ji nauyi.

Mai Gina Shafuka, Arkilla
Ƙa'idar Google ma ta hana ba da kyauta ko ragi don a yi maka sharhi, Hajiya. Roƙo kawai.

Mai Albasa, Wurno
Ni fa duk wannan ban ga inda ya shafe mu ba. Mai sayen albasa daga Onitsha ko Fatakwal ba ya tambayar Google, lambata gare shi, shi ma ubangidansa ya ba shi. A loda mota, a turo kuɗi. Kada a sa mutane su kwashi jarinsu su kai wa waya.

Mai Gina Shafuka, Arkilla
Kawu gaskiyarka a kan albasa, kuma da kai ka zo mini da na ce ka riƙe kuɗinka. Kafin kowa ya biya talla ya fara tambayar kansa ko masu sayen kayansa na nemansa a can. Matan da ke sayen turaren Hajiya a Instagram da TikTok suke, shi ya sa tallanta ke ci a can. Mai sayar da tsohuwar mota ko waya ya fi samun mutane a Jiji, kuma a irin waɗannan kasuwannin na intanet, har da Jumia da Amazon, biya don a ɗaga kayanka abu ne a fili, cikin tsarinsu yake.

Fata kuwa daban ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin ayari, can ake kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa hannunsu, ana yi wa littattafai bango da ita. Har yau akwai masu nemanta da sunanta. In ka bincika za ka ga bayanai a kanta da wasu suka rubuta daga nesa, amma da wuya ka ci karo da shagon wanda ke zaune a Madunka yana ɗinkawa. Wannan gurbin ba mai kuɗi ne ya saye shi ba, mu ne ba mu shiga ba.

Ɗalibar Danfodiyo
Haka ma a Hausa, Yaya. In ka yi bincike da Hausa a kan abubuwa da yawa, labaran gidajen rediyo ne ke fitowa, sai kaɗan daga wasu. Duk abin da muke rubutawa yana cikin WhatsApp, inda injin bincike ba ya shiga. Wanda ya zauna ya rubuta yadda ake jima, da yadda ake gane fata mai kyau da ta roba, da Hausa da Turanci, a wurin da kowa ke iya buɗewa, ba shi da abokan takara da yawa.

Baba Dillali, Kara
Ɗiyata kin yi gaskiya. Ni dai har gobe ban ba da shaida ga abin da ban gani ba, cikin na'urarsu su kaɗai sunka san shi. Amma abin da munka tattauna ya isa mutum shi san inda za shi sa kuɗinai. Tambaya guda ta rage mani. In anka buɗe ma mutum wagga taswira, wa ad da ita? Mai shago ko yaron da yab buɗe?

Mai Gina Shafuka, Arkilla
Baba, wanda aka buɗe da imel ɗinsa shi ke da iko da ita, kuma a nan ake cutar mutane da yawa. Wani zai buɗe maka da nasa imel, ranar da kuka saɓa ya canza lambar wayar ko ya ce sai ka biya kafin ya sake maka. Ana iya neman a dawo da ita ta hannun Google, amma da wahala da ɓata lokaci. Duk wanda zai buɗe, ya buɗe da imel ɗinsa da lambarsa, kalmar sirri ta zauna a hannunsa, in yana son mai taimako ya ƙara shi a matsayin manaja, wanda zai iya cirewa duk ranar da ya so. Haka asusun talla, haka sunan shafi in an saya, rasit ya fito da sunan mai shago.

Hajiya Mai Turare, Mabera
Ni da nake sana'a a cikin gida fa? Ba na son a sa gidan aurena a taswira kowa ya gani.

Mai Gina Shafuka, Arkilla
Akwai zaɓin ɓoye adireshi ga masu kai wa kwastoma kaya har inda yake, Hajiya. Za ki ba Google adireshin don tabbatarwa, amma jama'a yankin da kike kai kaya kawai za su gani, kamar Mabera da Runjin Sambo da Arkilla. Sai dai sharaɗinsu shi ne ana haɗuwa da mai saye ido da ido, ko ke ko ɗan aikenki. Wanda cinikinsa duk ta intanet ne, yana aikawa ta tasha kawai, bai cika ƙa'idar ba. In 'yan aikenki na kaiwa cikin gari, ki tanadi kwalaben da tambarinki da wurin da kike haɗawa, don su za a nema a bidiyon.